Jaket ɗin da Uwargida Ta Saya da Falmaran ɗin Aboki

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune da iyalina a Birnin Kebbi, amma makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye gab da Jega, saboda haka a kan babur nake zuwa in dawo. Bara da kaka akuya ta gitta mini bayan na wuce Kalgo, na taka birki, babur ya zame, na ƙuje hannun dama tun daga gwiwar hannu har zuwa wuyan hannu, na daɗe ban iya riƙe alli ba. Bayan na warke, maiɗakina ta kwashi adashinta ta sayo mini wata jibgegiyar baƙar jaket a wurin 'yan gwanjo, ta roƙe ni kada in sake hawa babur ba tare da ita ba. Lokacin sanyi na ji daɗinta, amma tun da bazara ta shigo na kasa jurewa. Kafin in yi rabin hanya na jiƙe sharkaf, wata rana har jiri ya ɗebe ni. Wani abokin aikina ya ba ni falmaran mai soso a baya da ƙyalli a kafaɗa, ya ce ita ma kariya ce, ga shi iska na shiga. Sai na riƙa fita da jaket daga gida, idan na bar unguwa in tuɓe ta in ɗaure a bayan babur in sa falmaran. Ƙanin maiɗakina ya gan ni, ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce ashe kuɗinta da hawayenta ba su da daraja a wurina, kuma tun daga ranar ta daina sakin jiki da ni. A wurin aiki kuma duk ranar da na zo da jaket sai a riƙa ce mini ɗan sama jannati. Shin falmaran ba ta isa ba? Kuma yaya zan yi in shawo kan maiɗakina?

Daga wani malami, Birnin Kebbi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya kiyaye gaba. Kafin komai ina so ka san cewa ban ɗauki kukan da ka yi da zafi a matsayin raki ba. Duk wanda ya san Kebbi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 da tsakar rana, ya san cewa mutumin da ya lulluɓe kansa da baƙar riga mai kauri ya hau kwalta yana azabtar da kansa ne. Jirin da ka ambata shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, domin wanda jiri ke ɗiba a kan babur, a hanyar da manyan motoci ke bi, yana cikin haɗari ko da wace irin riga ce a jikinsa. Saboda haka ba zan ce ka daure ka ci gaba da sa wannan jaket a bazara kamar yadda take ba. Amma kuma ba zan ce maka falmaran ta isa ba, domin ba ta isa ba, kuma shaidar hakan tana jikinka.

Ka naɗe hannun rigarka na dama ka dubi tabon da ka ce ya taso daga gwiwar hannu har wuyan hannu, sannan ka sa falmaran ɗin abokinka ka tsaya gaban madubi, ka ga ko akwai wani ɓangare na tabon da ta rufe. Da a ce ranar da akuyar nan ta gitta maka falmaran ce a jikinka, da raunin da za ka ji shi ne dai wanda ka ji, babu ragi ko kaɗan. Wannan kuwa ba faɗuwarka kaɗai ya shafa ba. Idan babur ya zame, mutum ba ya samun damar zaɓen yadda zai faɗi; hannu ne ke miƙewa da kansa don ya tare ƙasa, sai tafin hannu ya fara dira, gwiwar hannu da kafaɗa su biyo baya, sannan ƙugu da gwiwar ƙafa. Gadon baya da ƙirji, waɗanda su kaɗai falmaran ke rufewa, galibi sai mutum ya mirgina suke taɓa ƙasa.

Rigar babur ta gaskiya aiki biyu take yi. Na farko shi ne ta shiga tsakanin fata da kwalta a lokacin da jiki ke jan ƙasa. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka rabu da shi, da wannan gudun jikinka zai fara tafiya a kan titi har sai gogayya da kwalta ta tsayar da shi. Shadda ko yadin kaftani, komai tsadarsa, nan take yake yagewa, sauran tafiyar kuma fatar mutum ce ke ɗaukar ta. Aiki na biyu shi ne rage ƙarfin bugu a gaɓoɓin da ƙashi ke kusa da fata, kuma wannan ba yadin ne ke yin sa ba, wata garkuwa ce ta roba ta musamman da ake cusawa cikin aljihunan da aka ɗinka a gwiwar hannu da kafaɗa da gadon baya. A wani bincike da aka wallafa a 2011 a Ostireliya, an bi diddigin mahaya babur fiye da 200 da suka yi haɗari, aka duba abin da kowannensu ke sanye da shi da irin raunin da ya samu. An gano cewa waɗanda ke sanye da jaket ɗin babur da safar hannu sun fi tsira daga kwanciya a asibiti, kuma rauni ya ragu a sassan jikin da garkuwar roba ta rufe. Sai dai binciken bai ga alamar cewa tufafin suna hana karaya ba, kuma na kawo wannan ne don kada ka samu jaket mai kyau ka ɗauka ta ba ka lasisin ƙara wuta. Fata da tsoka take ceta, ƙashi kuwa gudun da ka zaɓa ne ke yanke masa hukunci.

Ban ce abokinka ya ba ka abin banza ba. Falmaran mai ƙyalli tana da aikinta, kuma aikin shi ne a gan ka. Wani bincike da aka yi a Niyu Zilan aka wallafa a 2004 ya nuna cewa mahayan da ke sa tufafi masu ƙyalli ko masu launi mai ɗaukar ido, yiwuwar su ji rauni a haɗarin hanya ta ragu da kashi 37 cikin 100, kuma farar hular kwano ta fi baƙa amfani ta wannan fuska. Wannan ya shafe ka ƙwarai, domin Jega mahaɗa ce, babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kwantagora ta nan ta ratsa, ga tireloli, ga motocin albasa daga wajen Aliero, ga masu jigilar shinkafa. Direban da ke zaune can sama a kan tirela, da almuru ko cikin hazon hunturu, da wuya ya hango mutum mai baƙar riga a kan ƙaramin babur sai ya zo daf da shi. Don haka wurin falmaran ɗin nan shi ne a saman jaket, ta yi aikin jan idon direbobi, jaket ɗin kuma ta yi aikin kare fata. Shi kuwa soson da ke bayanta, ka matse shi tsakanin babban yatsa da manuniya. Idan yatsun suka haɗu ba tare da wahala ba, soson katifa ne, ba zai tare komai ba. Garkuwar baya ta ainihi tana da nauyi da tauri, ba ta lotsewa haka da sauƙi, kuma akan buga mata lambar EN 1621-2 tare da lamba 1 ko 2, mai lamba 2 ta fi shanye bugu.

Maganar iska kuma, wadda ita ce hujjar abokinka mafi ƙarfi, akwai abin da ya kamata ka sani a kanta, domin yawancin masu babur a ƙasarmu sun ɗauke ta a baibai. Zafin fatar ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 33 zuwa 35. Muddin iskar waje ba ta kai haka ba, kamar da sassafe lokacin da kake fita, tana ɗauke zafi daga jiki, kuma iya yawan fatar da ka buɗe iya sanyin da za ka ji. Amma idan ta haura haka, kamar yadda take yi lokacin da kake dawowa bayan an tashi daga makaranta, sai lissafin ya juya. Iskar da ke dukan hannunka a buɗe zafi take ƙara maka, tana kuma busar da gumi da saurin da jiki ba zai iya mayarwa ba, sai ka riƙa rasa ruwan jiki ba tare da ka sani ba, tun da ba ka ga jiƙewa. Ga kuma rana da ke dukan fatar kai tsaye. Ba banza ba Buzayen da ke ratsa sahara suke rufe jikinsu ruf da tufafi masu sakin jiki maimakon su tuɓe. Abin da jiki ke so a irin wannan zafi shi ne inuwa da iska 'yar daidai wadda za ta ratsa a hankali ta busar da gumin a kan fata. Jaket ɗinka ta hana iskar baki ɗaya, shi ya sa ka jiƙe har jiri ya kama ka, falmaran kuma ta sake ta baki ɗaya. Abin da kake nema yana tsakaninsu.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɗauko jaket ɗin da maiɗakinka ta saya ka juya cikinta waje, ka yi mata binciken tsanaki. Jaket ɗin babur da yawa da ake yi a Turai suna zuwa da shafi mai ɗumi wanda zif ko maɓallai ne kawai ke riƙe da shi, an yi shi ne don a cire idan sanyi ya wuce, kuma mutane da dama suna sayen irinta a gwanjo su yi ta fama da zafi ba su san shafin yana fita ba. Ka bi bakin rigar ta ciki da yatsa ka ji ko akwai siririn zif da ya zagaye. Ka duba ƙirji da ƙarƙashin hammata da tsakiyar baya ko akwai wasu zif da ba na aljihu ba ne, waɗanda idan ka zuge sai ka ga raga a ƙarƙashinsu, domin waɗannan ƙofofin iska ne. Ka laluba gwiwar hannu da kafaɗa ko za ka ji wani abu mai tauri, ko aljihun da aka tanada dominsa ko da an cire shi. Sannan ka nemi 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, ka ga ko akwai hoton mutum a kan babur da alamar CE. Waɗanda aka yi a 'yan shekarun nan suna ɗauke da lambar EN 17092 da haruffan AAA ko AA ko A. Mai A ita ce mafi sauƙin nauyi, mai AA ta fi ta jure gogayya kuma ta fi dacewa da babbar hanya, mai AAA kuwa ta masu gudun gaske ce, nauyinta da zafinta sun fi ƙarfin buƙatarka. Idan ka yi sa'a jaket ɗin ta babur ce, mai yiwuwa cire shafi da buɗe ƙofofin iska su rage maka rabin wahalar.

Idan kuwa ka tarar babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to rigar sanyi ce kawai irin wadda Turawa ke sawa lokacin ƙanƙara, kuma kaurinta na auduga ne ko na soso, ba na kariya ba. Irin wannan tana yagewa a kan kwalta, kuma idan yadinta na roba ne mara ƙwari, zafin gogayya yana iya narkar da shi ya manne a cikin rauni. Haka ma mai sheƙin nan da 'yan kasuwa ke kira fata alhali leda ce aka shafa a kan yadi. Fatar da ake yin rigar babur da ita galibi ta shanu ce, kaurinta ya ɗan haura milimita 1, tana da nauyi a hannu, kuma ko ita ba zan ba ka shawarar sawa a bazarar Kebbi ba.

Abin da ya dace da kai shi ne jaket mai raga, wadda aka yi ƙirjinta da bayanta da cikin hannuwanta da raga mai ƙwari, aka bar yadi mai tauri da garkuwar roba a kafaɗa da gwiwar hannu, wato wuraren da ke fara haɗuwa da ƙasa. Ka nemi mai launin toka-toka ko fari-fari, domin baƙi yana shan zafin rana, musamman idan ka tsaya. Ba kullum ake samunta a rataye ba, amma idan ka nuna hotonta a waya ga mai gwanjon da kuka saba, ka ce ya ajiye maka idan ya kwance dila, ko ka yi sautu wurin wanda ke zuwa Sakkwato ko Kano, ana dacewa. Wajen gwadawa kada ka tsaya a miƙe kamar mai gwada kaftani. Ka zauna a kan babur ɗin ka kama kansa, ka ga ko garkuwar ta zauna daidai a kan gwiwar hannu, ko hannun rigar ya kai wuyan hannu, ko bayanta ya rufe ƙugu. Jaket mai yawa a jiki tana juyawa lokacin faɗuwa, garkuwar ta bar wurin da aka sa ta tsaro, hannun rigar kuma ya naɗe sama ya bar fatar a fili, saboda haka ta kama jiki, kuma a zuge zif ɗinta har sama. Wata aba kuma da ba za ka gani a rubuce-rubucen Turawa ba: ka guji duk mai launin kakin soja mai dabbare-dabbare, wanda rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan sa shi, ka kuma guji baƙar falmaran mai kumburi da ta yi kama da rigar sulke. A halin tsaron da yankinmu ke ciki, inda ake sa wa masu babur ido a shingayen bincike, ba ka buƙatar tufafin da za su sa a yi maka wata fassara.

Idan aljihu bai kai ba a yanzu, akwai mafita ta wucin gadi. Jaket ɗin jins mai kauri mara shafi, wadda baduku ya ɗinka wa ƙyallen fata a gwiwar hannu da kafaɗa da zare mai ƙwari, ba ta kai wadda aka gwada a masana'anta ba, amma ta fi hannu a buɗe nesa ba kusa ba. Ana kuma samun garkuwar gwiwar hannu da ta gwiwar ƙafa masu maɗauri, waɗanda ake sayarwa daban. Ko wacce ka samu, ka sa rigar ciki ta auduga mai dogon hannu a ƙarƙashinta, kuma idan za ka taso da rana ka jiƙa rigar cikin da ruwa, ka matse ta, ka sa. A busasshiyar iskar Maris da Afrilu ruwan zai riƙa bushewa a hankali yana ɗauke zafin jikinka, kuma tazarar da ke tsakanin Jega da Birnin Kebbi ba ta da nisan da za ka buƙaci jiƙawa fiye da sau ɗaya ko biyu. Dabarar tana rage amfani idan damina ta kankama iska ta yi laima, amma a lokacin zafin ma ya sassauta.

Na lura a duk wasiƙarka ba ka ambaci hular kwano ba, kuma ina fata mantuwa ce. Idan babu ita, to ita ce farkon abin saye, kafin jaket, kafin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa sa ta yadda ya kamata yana rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, yana kuma rage mummunan rauni da kusan kashi 70, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta fara tilasta sa ta. Sa ta yadda ya kamata yana nufin a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, ba a ɗora ta a kan zanna bukar ba. Bayan ita sai safar hannu, wadda ba ta da tsada, kuma kai da alli ne abincinka ka fi kowa sanin darajar tafin hannu. Sai takalmi sau-ciki da ya rufe idon sawu, a bar silifa a gida.

Yanzu sai maganar maiɗakinka, wadda a ganina ita ce ta sa ka ɗauki alƙalami, ba falmaran ba. Ka sake duba abin da ta faɗa. Ba ta ce ka ƙi bin maganarta ba, cewa ta yi kuɗinta da hawayenta ba su da daraja. Ina kyautata zaton ita ce ta riƙa taimaka maka da sa riga da sauran hidimomi a makonnin da hannun ke ɗaure, kuma ita ce ta ji faɗuwar gaban da ke zuwa idan aka ce mijinka ya yi haɗari kafin a ce da sauƙi. Kuɗin adashi kuwa ka san mace ba ta kwasar sa sai ta riga ta tsara abin da za ta yi da shi, ko akuyar kiwo, ko jarin sana'a, ko kayan ɗaki, amma ta ajiye wannan duka ta saya maka riga. Kowace safiya tana ganin ka fita da rigar a jikinka, hankalinta yana kwanciya. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ta gano cewa wannan kwanciyar hankali ba ta da tushe, kuma ta ji hakan daga bakin ƙaninta, wato maganar ta riga ta fita daga ɗakinku. Tuɓe jaket saboda zafi uzuri ne da kowa zai karɓa. Fita da ita don a gani sannan a tuɓe a bayan unguwa shi ne laifin, kuma a kansa kaɗai za ka nemi afuwa.

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka zauna da ita, ka fara da ba ta haƙuri a kan ɓoyewar, kuma kada ka biyo bayan haƙurin da kalmar amma, domin da zarar ka ce amma, duk abin da ya gabace ta ya zube. Ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta ko da ya yi tsawo. Bayan ta sauko ne za ka ba ta labarin jirin, wanda nake zaton ba ta san da shi ba, tun da wanda ya ɓoye tuɓe riga da wuya ya faɗi dalilin tuɓewar. Matar da ta kashe adashinta don kada ka ji ciwo ba za ta so ka faɗi saboda zafi ba, kuma da zarar ta ji wannan za ta koma ɓangarenka wajen neman mafita. Binciken jaket ɗin da na bayyana a sama ku yi shi tare, ita ta riƙe rigar, kai ka karanta mata abin da za a nema. Idan ta kasance ta babur ce, ka yaba mata da idon saye. Idan rigar sanyi ce, kada ka kuskura ka ce ta sayo abin da ba shi ba ne. Ba aikinta ba ne sanin lambobin Turai, kai ma da kake hawan babur ɗin ba ka sani ba. Ka ce mata wannan ta hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ta yi maka maganin sanyin asuba a saman garkuwar gwiwar hannu, ta bazara kuma kai za ka saya daga albashinka, kana so ta taya ka zaɓe. Kada ka bari ta sake taɓa kuɗinta a kan wannan. Kuma kada ka yi mata alkawarin da ya fi ƙarfinka don kawai ta saki fuska. Alkawari ɗaya ya isa, wato duk abin da ta ga ka fita da shi, da shi za ka isa, kuma ranar da ka kasa za ta ji daga bakinka.

Ƙaninta kuma kada ka ɗaure masa fuska. Ya ga mijin yayarsa a babbar hanya da hannu a buɗe bayan abin da ya faru bara, ya faɗa wa wadda ya san za ta iya yi maka magana. Idan kun haɗu ka gaisa da shi kamar kullum, ka ma iya sa shi cikin masu taya ka cigiyar jaket mai raga.

Abokan aikinka kuwa ba sai ka yi musu da su ba. Zolayar ɗan sama jannati takan mutu da kanta idan wanda ake yi wa ya yi dariya ya wuce, kuma idan wani ya ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka tambaye shi ko shi yana hawa babur ɗin da birkinsa ya tsinke. Abin da ya fi damun malami a irin wannan shiga, a sanina, shi ne yadda jaket ke zama a kan kaftani, ta yamutsa guga, mutum ya shiga aji a jiƙe. Maganin wannan shi ne ka ninke kaftani da hula a jaka, ko ka ajiye su a ofishin malamai, ka yi tafiyar da rigar ciki da jaket da wando mai kauri, idan ka isa ka sauya. Wannan zai kuma raba ka da haɗarin bakin doguwar riga da ke lilo kusa da sarƙa da tayar baya. Shi kuma abokin da ya ba ka falmaran, ka gode masa, ka ci gaba da sa ta a saman jaket inda zai gani.

Kafin sabuwar jaket ta samu, tafiyar safe ba ta da matsala, domin da sassafe za ka iya jure ta uwargida idan an cire mata shafi ko an sassauta wuyanta. Dawowar ce ke buƙatar dabara. Idan aikinka ya ba da dama, ka zauna a makaranta ka duba littattafan ɗalibai har ka yi sallar La'asar, rana ta karya, sannan ka taso, maimakon ka hau kwalta da ƙarfe biyu. Ka sha ruwa sosai kafin ka tashi, ka riƙe gora a jaka, kuma a ranakun da kake azumi ka ƙara jinkirta tasowar, ka rage gudu. A wurin da ka san dabbobi na gittawa, wato bakin ƙauyuka da kusa da kasuwanni, ka sauke gudu tun kafin ka ga akuyar, kuma idan ta kama ka taka birki, ka haɗa na gaba da na baya a hankali, domin danne na baya shi kaɗai da ƙarfi yana cikin abubuwan da ke sa taya ta zame. Idan jiri ya sake taɓa ka, ko ka ji ciwon kai da tashin zuciya, ka sauka nan take ka nemi inuwa, ka buɗe rigar, ka zuba ruwa a kai da wuya, kada ka sake hawa sai ka dawo daidai. Idan kuma ya maimaita ko da ka sauya riga, ka je asibiti a auna maka hawan jini da sukari, ka kuma gaya wa likita irin tafiyar da kake yi kullum da lokacin da kake yin ta.